Warin Takalmi a Buhun Kawu

Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma, kuma Kawuna ya riga mu tafiya. Ya rasu a tsakiyar damina, a gidansa na Kaura Namoda, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Ina Shinkafi, inda nake aure da koyarwa, aka kira ni. Kafin in samu motar da direbanta ya yarda da hanya, har an kai shi makwancinsa. Zaman makoki na tarar, kuma tun daga ƙofar gida jikina ya ba ni akwai abin da ba daidai ba.

Na sha zuwa gaisuwar mutuwa, na san yadda ake yi. Mutum ya zauna, ya yi addu'a, a shafa, sannan ya ƙara da kalmar shaida: mutumin kirki ne, ba shi da abokin faɗa, ya taɓa yi mini kaza. Wannan kalmar ce iyalan mamaci suke riƙewa su kwana da ita. A gidan Kawu an yi addu'a, amma shaidar ta ƙi fitowa. Mata su shigo su ce wa Inna, matarsa, "Ya haƙuri?" sai su ɗosana a bakin tabarma, idonsu na kan ƙofar ɗakinsa. Wata maƙwabciya da ta shekara da shekaru tana aron turminmu ta ce, "Allah dai Shi yas san na ciki," ta gyara mayafi. Da aka kawo fura, na lura da waɗanda suka kai kwano baki suka ajiye ba su sha ba. Inna kuwa tana zaune da carbi, idonta a bushe ƙamas, ko ɗigon hawaye babu.

Ni Allah Ya yi ni da zargi, ban taɓa ɓoyewa ba. Kawu da kansa yakan ce in aka ba ni zuma sai na leƙa ko da ƙuda a ciki. Saboda haka na zauna ina karanta fuskoki, ina neman bakin da ya fara ɓata masa suna. Wadda ta fi tsaya mini a rai wata baƙuwa ce a kusa da randa, hijabinta ya koɗe, ƙafafunta sun yi kaushi irin na mai doguwar tafiya. Ba wanda ya san ta. Ta zo ranar farko, ta dawo ta biyu, ba ta ci ba, ba ta yi magana ba, sai kallon ƙofar ɗakin nan. Na yanke a raina cewa aiko ta aka yi ta gano wani abu.

Abin da kowa yake kallo a bayan ƙofar, buhu ne. Sai na faɗi wane ne Kawu kafin buhun ya yi ma'ana.

Kawu wan mahaifiyata ne. Gidansu gidan malamai ne, 'yan'uwansa daga liman sai alƙali, shi kaɗai ne ya karkata ya zama malamin Hausa a sakandare, har ana tsokanarsa cewa gidan ya haifi mai tatsuniya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Da ya yi ritaya, maimakon ya zauna a majalisa yana rabon laifi tsakanin gwamnati da matasa, sai ya buɗe zama na masu son rubutu. Ranar Asabar bayan La'asar maza a zaure, ranar Lahadi mata a tsakar gida, Inna na gefe tana tsinkar zogale tana yi kamar ba ta saurare.

Ba shi da allo, ba shi da littafin koyarwa. Yana da tsohon buhun gero da ya cika da tarkace. Duk inda ya bi ya ga abin da wani ya yar, sai ya duƙa ya ɗauka: cokalin da ya lanƙwashe, makullin da ba kwaɗo, murfin buta, madubi mai tsagu, igiyar akuya da aka yanke da wuƙa. In an zauna, sai ya zura hannu ba tare da ya duba ba, ya fiddo abu ɗaya ya ajiye a kan tabarma. Ya faɗi inda ya tsince shi da yadda ya same shi, ba ƙari ba ragi. Daga nan ya ce, "Ga iri nan. Ku tahi ku shuka, sati mai zuwa in ga abin da yat tsiro."

In ka ce masa ba ka rubuta komai ba saboda basira ba ta zo ba, ka jawo wa kanka. "Kai ɗan manomi na ko ɗan wa?" zai ce. "Ubanka na jiran ruwa su sauka kahin shi yi binne? A busasshiyar ƙasa aka turbuɗe iri, ruwa su iske shi ciki. Ka rubuta ko banza ta, basira ta iske ka bisa aiki." Wannan maganar ce ta sa har yau nake zama da takarda ko kaina babu komai.

Bai taɓa cewa rubutun wani ya yi kyau ba, bai kuma taɓa cewa ya yi muni ba. In ka gama karantawa kana jiran yabo, sai ya ɓantari goro ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Sai kuma mi?" Ka ce ai nan labarin ya ƙare. Ya ce, "A'a, nan dai kag gaji." Mun tsani tambayar nan kamar me. Akwai wani ɗan kabu-kabu da ke jigila tsakanin Kaura da Kasuwar Daji, ya kawo waƙa a kan murfin buta. Waƙar ba kai ba gindi, 'yan makarantar da ke zaure suka riƙa danne dariya. Kawu ya sa ya maimaita ta har ya kamo layi ɗaya, inda ya ce butar ta fi mai ita jin kunyar rashin murfi. Ya ce, "Wanga layi ba kowa ka iya shi ba. Zubda sauran, ka hwara daga nan." Mutumin ya fita zauren yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta, kuma bai sake fashin zama ba sai da zaman ya mutu.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da Kawu, a kan takalmi.

An kai hari wani ƙaramin ƙauye a bayan Kurya Madaro, mutanensa suka watse. Bayan ƙura ta lafa, Kawu ya bi masu zuwa jana'izar waɗanda aka rasa. Ranar Lahadin da ta biyo baya, ina gidansa hutu, bai zura hannu a buhu ba. Daga aljihunsa ya fiddo warin takalmin roba na namiji, na ƙafar hagu. Igiyarsa ta taɓa tsinkewa, an liƙe ta da wuta da guntun roba shuɗiya. Ya ce ya same shi a kafe cikin laka a bakin rafin da ke ƙasan ƙauyen, a gaɓar da ke ɓangaren gari, hancinsa yana kallon sama wajen gidaje. Gabansa akwai sawu a laka, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu, sun miƙe kan hanyar shiga gari.

Na koma na rubuta labarin matsoraci. Na yi mutum mai son ransa, wanda ya ji harbi ya bar mata da 'ya'ya ya ranta a na kare, har takalmi ya fita bai waiwaya ba. Na zuba masa baƙaƙen kalmomi masu daɗin karantawa, ina jin na yi gwaninta. Da na gama karantawa, Kawu bai ce sai kuma mi ba. Ya cire tabarau.

"Uwata, ina hancin takalmin shika kallo?"

Na ce, "Kawu, laka ce fa. Mai gudu yana iya juyawa."

"Na hwaɗa maki gari shika kallo. Mai tsira da rai nai ba shi huskantar wuta. Kin ji, amma zarginki ya hi kunnenki ƙarhi."

Na ce labarina ne, ina da ikon in yi yadda na so da shi. Ya ce labarin nawa ne, amma takalmin na wani ne. "Ki riƙa rubutu awa mai abun na zaune bayanki shina saurare. Wata rana shi ko nashi na iya shigowa. In sunka shigo, ki iya ɗaga kai ki dube su." Na tashi fuu na shige ɗaki. Hutun nan har ya ƙare gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ranar da zan koma Shinkafi ya rako ni tasha, ya saya mini rake, ya ce taurin kaina na uwarsa ne, ba shi da yadda zai yi da shi.

To, a ƙasar da kowa ke kwana da ido ɗaya, tsoho mai tsintar kayan mutane ba zai daɗe bai shiga baki ba. Mata suka fara: wa ke tara takalmin wani da madubin wani in ba mai asiri ba? Kowa ya san da sawu da suturar mutum ake yi masa sammu. Maza kuma nasu ya fi muni. Kawu yakan aiki ɗalibansa su zauna a tasha ko a Kasuwar Daji, su saurari yadda mai saye da mai sayarwa ke magana, su lura da wanda ya zo da fara'a da wanda ya koma da ɓacin rai. Shi a wurinsa horon kunne ne. A wurin mutanen da aka sace wa 'yan'uwa a kan hanyar kasuwar nan, wanda ke lura da mai shiga da mai fita suna ɗaya gare shi: infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto.

Ba na cewa mutanenmu mugaye ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Amma na ji zafin abin, har yanzu ina ji. 'Yan sa-kai suka kira shi gaban mai unguwa, suka zazzage buhun a ƙasa, suka tambaye shi amfanin makullin da ba kwaɗo. Ya yi musu bayani tiryan-tiryan, har ya ce wa shugabansu in yana so ya zo ranar Asabar, da alama yana da labari a bakinsa. Ba su sami abin kama shi ba, suka sallame shi, amma sallamar ba ta wanke shi ba. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Wata ma'aikaciyar jinya da ke zuwa daga Zurmi ta aiko cewa mijinta ya hana. Ɗan kabu-kabun ma abokan sana'arsa suka ja masa kunne. Inna ta gaya mini cewa a masallaci har gurbi ake bari tsakaninsa da na kusa da shi a sahu. Duk da haka kowace Asabar sai ya sa an share zaure an shimfiɗa tabarma, ya zauna da buhunsa har a kira Magariba.

Na taɓa ce masa ya zubar da tarkacen nan ya huta. Ya ce, "In na zubda su, na yarda da abin da anka ce ke nan. Kuma masu su ba su zo ba tukuna."

Ranar uku da rasuwar, da hantsi, tsakar gida cike da mata, sai ga babban ɗan Kawu ya yi sallama ya shigo. Taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, amma ranar fuskarsa ba wasa. Ya shiga ɗakin mahaifinsa ya fito yana jan buhun, da galan ɗin kananzir a ɗaya hannun. Mata suka ɗage ƙafafu kamar ya fito da kunama.

Na miƙe na tare shi. "Ina za ka da shi?"

"Bayan gida. Ƙone shi za ni yi gaban kowa, a huta."

"In ka ƙone shi, ka sa hannu a kan abin da ake faɗa. Shi bai yarda ba yana raye, kai za ka yarda masa yana kabari?"

Ya rage murya. "Ke Shinkafi za ki koma. Ni nan nika zama, ɗiyana nan suka zuwa makaranta. Kin san abin da aka kiransu? Bar ni in kashe maganar ga."

Gaskiya ce ya faɗa, shi ya sa ta yi mini ciwo. Na riƙe bakin buhun, ya riƙe, muka tsaya cirko-cirko. Na dubi Inna ko za ta sa baki, ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Na dubi matan nan da suka ci tuwon gidan nan shekaru, ba wadda ta motsa. A raina na ce shi ke nan, yau za a binne Kawu karo na biyu.

Sai baƙuwar nan ta kusa da randa ta tashi. Na ce to, ga 'yar aiken ta fito fili.

Ta ce, "Don Allah kahin a sa wuta, a zazzage in gani."

Taubashina ya ce, "Baiwar Allah, ke wa ta?"

Ta ce ita daga ƙauyen bayan Kurya Madaro take, yanzu suna zaune a wani kango a bakin gari da 'ya'yanta. "Na ji ana hwaɗin tsohon gidan ga na tara takalman mutane shina asiri da su. Ni ban damu da asiri ba, abin da ya same ni ya hi asiri. Cewa niy yi, in takalma shika tarawa, wataƙila na maigidana na ciki. Na so in zo tun shina da rai, tsoro ya hana ni."

Ban jira izinin kowa ba, na kifar da buhun. Cokali, makulli, madubi, duk suka watse a kan siminti. Ta durƙusa tana ture su da yatsa, har ta kai kan warin takalmin. Ta juya shi, ta shafa wurin liƙin.

"Ni nil liƙe shi," ta ce. "Da wuƙa niƙ ƙona, da robar tsohon bokitina."

Ta ba da labarin a tsaye, takalmin a ƙirjinta. Ranar harin sun gudo tare da mijinta har bakin rafi, ita da yara suka tsallake, da ta waiwaya ba ta gan shi ba. Ba a same shi cikin waɗanda aka binne ba, ba a kuma kira an nemi fansarsa ba. Sai mutanen ƙauyensu suka ce ai dama na 'yan bindigar ne, ya sulale ya bi su daji. Ana nuna 'ya'yanta da baki a wurin ɗiban ruwa. "Har ni kaina," ta ce, "wani lokaci in na kwanta sai in ce, ko dai gaskiya ta? Shi wanda yat tsince shi ya tahi. Akwai wanda yas san inda anka same shi?"

Ga matar mai takalmin ta shigo, kamar yadda Kawu ya gaya mini, kuma dole in ɗaga kai in dube ta. Abin da ya cece ni shi ne Kawu ba ya ba da iri sai ya faɗi yadda ya same shi, kuma faɗan da muka yi ya kafe maganar a kaina. Na gaya mata kalma da kalma: a cikin laka, a gaɓar da ke ɓangaren gari, hancinsa yana kallon gidaje, sawu na biye, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, a kan hanyar shiga gari.

Ta ce, "Ba hanyar daji ba?"

Na ce, "Hanyar gari. Kawu ya maimaita mini har sai da muka ɓata."

Ta zauna daɓas a ƙasa. "Surukata makauniya ta," ta ce. "Mun baro ta cikin ɗaki. Wurinta yak koma." Ta rufe fuska da takalmin ta yi kuka irin wanda aka daɗe ana riƙewa.

Na san sawu a laka ba hujja ba ce a gaban alƙali, Kawu ma bai taɓa cewa hujja ce ba. Amma abin da matar nan za ta gaya wa 'ya'yanta ke nan in sun tambayi labarin ubansu. Da ta natsu ta share ido ta juya wajen Inna. Ta ce, "Ban san mijinki ba, ban taɓa ganinai ba. Amma kowa ya taka takalmin ga ya wuce, shi yad duƙa. Na shaide shi da alheri, duniya da lahira." Ita ce shaida ta farko da aka yi wa Kawu a gidansa.

Ba zan ce gari ya juya a ranar ba. Maƙwabciyar nan mai aron turmi ta fita tana cewa ita dai ruwa ba ya tsami banza, kuma na tabbata har gobe akwai masu ra'ayinta. Amma taubashina ya ajiye galan ɗin, ya durƙusa yana mayar da tarkacen cikin buhu ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya turo mini shi da ƙafa ya ce, "Ɗauki gadonki, mai taurin kai." Buhun yana ɗakina a Shinkafi yanzu. Ranar Lahadi 'yan mata kaɗan na zuwa, ina zura hannu ba tare da na duba ba, kuma na san ana maganata a unguwa.

Kafin baƙuwar ta tafi, ta tambaye ni ko gaskiya ne mu masu rubuta labari ne. Na ce muna dai koyo. Ta ce tana so a rubuta na mijinta, don yaran su samu abin riƙewa in ta mutu. Muka koma gefen randa, na samo takarda. Ta fara da yadda yake goya uwarsa zuwa bakin masallaci ranar Juma'a, yana tsokanarta cewa ta yi nauyi. Ta yi nisa, sai ta tsaya, ta ce ita iyakar abin da ta iya ke nan.

Ban san lokacin da ya fito daga bakina ba. Na ce, "Sai kuma mi?"

Daga can kan tabarma na ji carbi ya faɗi. Inna, wadda tun zuwana ban ga hawayenta ba, ta fashe da kuka.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yalwata masa makwanci. Ya kyautata wa bawanKa mai takalmin nan zato alhali bai san ko sunansa ba, Ka sa ya tarar da fiye da haka a wurinKa. Mu da muka rage da buhu da bakin mutane, Ka ba mu ikon duƙawa.